Aikin Jarida Ba Tebur, Ba Albashi

A ƙarshen shekarun 1990, duk matashin da ke zaune a Kano rubutu yana masa ƙaiƙayi, alhali babu gidan jaridar da ya ɗauke shi aiki, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa ba su da yawa. Akwai Gidan Sa'adu Zungur, inda kamfanin Triumph, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, yake buga Daily Triumph da Sunday Triumph da Albishir da kuma Alfijir ta ajami. In aljihunsa zai iya ɗaukar kuɗin mota, akwai Kaduna: New Nigerian da 'yar'uwarta Gaskiya Ta Fi Kwabo, da A Yau, sai kuma Weekly Trust da ta fara fitowa a watan Maris na 1998 da ƙuruciyarta da zafinta. Jaridun Legas suna da wakilansu a gari, kuma abin da suke buƙata daga Arewa bai cika wuce siyasa da rikici ba. Ni a wannan tsakanin na shigo, da safe ina koyarwa a wata sakandare, da yamma ina yawon neman abin rubutawa.

Labarin yau da kullum ba namu ba ne. Wannan na masu katin aiki ne, waɗanda aka raba wa wurare: wani Gidan Gwamnati, wani kotu, wani hedikwatar 'yan sanda a Bompai. Bare ba ya kutsa musu, in ma ya kutsa ba mai kula shi. Abin da ya rage mana shi ne shafukan ƙarshen mako, inda ake son dogon rahoto na musamman, irin wanda mai karatu zai jingina da bango bayan ya ci ya ƙoshi, ya bi shi a hankali. Nan ne kuma edita yake da yunwa. Ma'aikatansa sun gaji da guje-gujen mako, babu mai son ɓata kwana uku a kan labari ɗaya, ga shafuka a buɗe, ga injin buga jarida ba ya jiran kowa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sana'ar. Edita ba alfarma yake yi maka ba, rami gare shi yana neman mai cike masa. Sai dai ba da kowace irin ƙasa yake yarda a cike ba.

Yadda rubutu yake isa hannunsa kuwa, yau in na ba yara labari dariya suke yi. Da biro ake farawa a fulsikaf, a gyara, a sake kwafewa. Sannan a kai wa mai tafireta a bakin gidan waya ko gefen kotu, ya sa takardar kabon a tsakani don ka samu naka kwafin, kana zaune kusa da shi kana karanta masa inda hannunka ya cuɗe. Daga baya shagunan kwamfuta suka zo, ana biya shafi-shafi. Hoto kuma sai ka roƙi mai kyamara ya bi ka, ka saya masa fim, ka jira a wanke, kana addu'a kada ya ƙone. In na Kaduna ne, gidan waya ba abin dogaro ba ne ga mai gaggawa, don haka sai ka nufi tashar Unguwa Uku da ambulan, ka ba direba da ɗan na goro, ka rubuta lambar motar, ka nemi shagon da ke da tarho ka sanar da wani ɗan'uwa ya tare ta a Kawo. Wayar salula ta GSM sai 2001 ta shigo, kuma da ta shigo ɗin ma ba ta talaka ba ce. Daga nan sai jira. Ranar Asabar da sassafe ka tsaya wurin mai jarida, cikin cincirindon masu karatun tsaye da ba sa saye, ka buɗe ta daga tsakiya, kai da ba ruwanka da shafin farko. Mako ya wuce, wani ya biyo. Ba wanda zai gaya maka an karɓa ko an jefa kwandon shara.

Editan da ya fara kula ni dattijo ne mai ƙarancin magana, kullum da jan biro a bayan kunne. Ranar da na samu ganinsa, rahoto na kai masa a kan marinar Ƙofar Mata. Take kawai ya duba, ya jawo durowa ya nuna mini wasu takardu a ɗaure da roba.

"Malam, ka ga waɗannan? Duk marina ce. Duk wanda ya tashi fara rubutu a garin nan sai ya je ya leƙa karofi, a gaya masa tun 1498 ake rini, ya dawo. In Bature ya zo, can ake kai shi. Kai ma Bature ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To wa ya kawo ruwan da ka yi alwala da shi yau da asuba?"

Na ce ɗan ga-ruwa.

"Yaya sunansa? Mutumin ina ne? Nawa yake samu? Ina yake kwana? Je ka, in ka sani ka dawo."

Sai da aka ɗauki lokaci kafin mai kawo mana ruwa ya yarda in bi shi, don ya ɗauka ko ma'aikacin haraji ne ya ɓad da kama. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, cin rani yake zuwa bayan an gama girbi, in ruwa ya sauka ya koma gona. Su fi goma suke kwana a zauren wani gida, ba haya, ladan masaukin shi ne cika randunan gidan. Kurar da yake turawa ba tasa ba ce. Kullum da yamma sai ya kai wa mai ita balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in kuma taya ta fashe shi ke biyan faci. Tun kafin kiran assalatu yake bin layi wurin mai rijiyar burtsatse. Ranar da babu wuta aka tada janareto, kuɗin jarka tun daga can yake tashi, amma matan gida ba sa jin wannan bayani, sai ya sha mita kafin a ba shi ƙarin. Jarka mai lita 25 yake ɗauka biyu-biyu, ɗaya a kowane hannu, ya hau bene da su yana sallama. Na ga kantar da ke tafin hannunsa, wadda ta hana yatsunsa miƙewa sosai. Na ga yadda yake riƙe lissafin bashi ba takarda: gidan mai jan ƙofa shida, gidan amarya huɗu, gidan tsohuwa kuma ba ya ƙirgawa, don ya ce tana kama da gwaggonsa. Na bi shi Wapa inda yake juya nairarsa zuwa sefa kaɗan-kaɗan wurin wani ɗan garinsu, yana lissafin abin da ya rage ya isa sayen maraƙi.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da tambaya ta ba ni. Da farko duk abin da na tambaye shi, amsarsa "Alhamdu lillahi." Sai da na kama masa kurar a wani hawa, muka zauna muka sha koko, na mai da littafina aljihu, sannan bakinsa ya buɗe. Daga baya na ga haka abin yake a ko'ina. Kowace sana'a da mai ƙofarta: sarkin fawa, shugaban 'yan kamasho, mai unguwa, uwar adashi. In ka tsallake shi ka shiga, za a amsa maka gaisuwa da kyau, a sallame ka hannu wofi. In kuma ka tsaya a wurinsa kaɗai, abin da yake so a ji kawai za ka kwaso. Gaishe shi ake yi, a nemi izini, sannan a lallaɓa a koma wurin yaran.

Da na kai rahoton, dattijon editan ya zare biron daga kunne. Shimfiɗar da na yi a kan muhimmancin ruwa ga rayuwar ɗan Adam ya ja mata layi daga kusurwa zuwa kusurwa. "Wa ya gaya maka mai karatu bai san ruwa ba?" Ya ce a fara daga layin jarkoki cikin duhu. Duk inda aka ce "mutane da yawa sun koka", sai ya zagaye ya rubuta a gefe: su wa? Duk inda aka ce "da tsada", ya rubuta: nawa? Sannan ya mai da ni wurin mai rijiyar da kuma hukumar ruwa, don a cewarsa ba a yi wa mutum shari'a ba ya nan. Rahoton ya fito shafi guda cur da sunana a sama. Iyakar makarantar aikin jarida da na yi ke nan, ni da da yawa daga sa'o'ina: wani mutum da ba ya jin nauyinmu, wanda kuma yake da ikon ya ce a'a.

Kuɗi kuwa, nan ne gizo ke saƙar. A ƙa'ida akwai ɗan abin da ake biyan marubucin waje. A aikace sai edita ya cike takarda, ta je wurin akanta, ta je wurin manaja, ta kwanta. Akwai gidan jaridar da na yi ta sintiri wurin kashiyansu har kuɗin motar da na kashe ya haura abin da nake bi, kullum amsa ɗaya: "Malam, a ƙara haƙuri, mu ma ko albashi ba mu gani ba." Kuma gaskiya yake faɗa. Tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, wanda ya karya darajar naira, takardar bugawa ta zama abin da ke cinye gidajen jarida. Masana'antar Oku Iboku da aka gina don ta wadata ƙasa da ita ta tsaya cikin shekarun 1990, komai sai an shigo da shi daga waje. Manyan masu ba da talla suna Legas. Jaridun gwamnati suna jiran kason wata, masu zaman kansu suna jiran tallan taya murna da na ta'aziyya. A irin wannan gida mai rubutu daga waje shi ne na ƙarshe a layi. Shi ya sa kusan dukkanmu muke da wani abin yi: malaman makaranta, ma'aikatan sakateriya, ɗaliban jami'a.

Akwai kuma ɗaya hanyar, wadda kowa ya sani. Ka je taron wani shugaban ƙaramar hukuma, a tashi, jami'in yaɗa labarai ya bi da ambulan, a ce kuɗin mota ne. Na mai dogon rahoto ma ya fi kauri: a kira ka, a zagaya da kai ka ga rijiyoyi da azuzuwan da aka shafa wa fenti jiya, ka cika shafi a kan "ayyukan raya karkara". Na san waɗanda suka gina gida da wannan. Ba na zaginsu, don na san halin da tukunyarsu take ciki a lokacin. Amma ban ga ko ɗaya da rubutunsa ya sake yin daɗin karatu ba. Wanda ya saba a nuna masa inda zai duba, idonsa mutuwa yake yi.

Duk wannan maganar biya fa ta rubutun Turanci ce. Da Hausa ba a ma cika tayar da zancen ba, kuma abin yana da asali. Tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana riƙe da ita, wasiƙun masu karatu suna cikin abin da ya raya ta. Malamin makaranta, ma'aikacin En'e, soja a fagen daga, kowa ya rubuto, kuma ganin sunansa da na garinsu a bugu shi ne ladansa. Wannan al'ada ta yi mana rana, ta koya wa mutane cewa jarida tasu ce. Amma ta bar mana gado: aka ɗauki rubutun Hausa a jarida sha'awa ce ko sadaka, wanda ya nemi a biya shi kuwa kamar ya yi rashin kunya. Sai ya zamana mu yi hira da Hausa, mu ji barkwanci da habaici da Hausa, mu koma gida mu juye su cikin Turanci, rabin daɗin ya zube a hanya. Ɗan ga-ruwan nan hotonsa kawai ya gane a shafin. Ya karɓa ya ninke ya ce zai kai wa matarsa.

Daga 2001 abubuwa suka soma sauri. A shekarar aka fara Daily Trust, Leadership ta biyo a 2004, Aminiya a 2006, ga mujallar Fim ta Ibrahim Sheme tun 1999 ta nuna akwai masu sayen Hausa da kuɗinsu in an ba su abin da suke so. Shagunan intanet suka buɗe, ka sayi awa guda rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe, amma dai ambulan da direba sun huta. A ganina waɗannan shekaru su ne mafi daɗi ga mai farawa: shafuka sun yawaita, aikawa ta yi sauƙi, masu jan biro kuma ba su ƙare ba tukuna. Daɗin bai daɗe ba. Waya mai intanet ta shiga kowane aljihu, masu karatun tsaye suka koma Facebook, a 2012 gwamnatin Kano ta rufe Triumph kafin a sake buɗe ta daga baya, New Nigerian ta durƙushe, waɗanda suka tsira suka rage shafuka. In kuwa za a rage shafi, dogon rahoto ake fara tattarawa.

A daidai lokacin da tsohon mai saye yake ja da baya sabo ya bayyana, kuma masifa ce ta kawo shi. Rikicin Boko Haram daga 2009, gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010 da ta kashe yara fiye da 400, sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu na 2014, daga baya 'yan bindigar daji. Duniya ta waiwayo Arewa. 'Yan jaridar ƙasashen waje suka riƙa sauka suna neman ɗan gari mai jin Turanci, wanda ya san hanya, ya san wa za a gani, zai kuma yi tafinta. Abin da ake biyan irin wannan ɗan rakiya a 'yan kwanaki, da dala, ya fi abin da rubutu ya kawo mini a shekarar farko duka. Sau da yawa shi ya samo labarin, shi ya san gidan, shi zai ci gaba da zama a garin bayan baƙon ya hau jirgi, amma sunansa ba ya fitowa, ko ya fito da ƙananan baƙaƙe can ƙasa.

Sannan ga tallafin ƙungiyoyi. Yau matashin da ke son farawa ba ƙofar edita yake nema ba, sanarwa yake bi a waya: ana neman masu rahoto a kan sauyin yanayi, a kan kasafin kuɗin lafiya, a kan 'yan gudun hijira. Ya rubuta abin da yake son yi da Turanci, ya haɗa da lissafin abin da zai kashe, mota da masauki da ladan aiki. In an zaɓe shi a kira shi bita a otal, a haɗa shi da mai duba masa aiki, a tura masa wani kaso, sauran sai rahoto ya fito. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Kafofi irin su Premium Times da ta fara a 2011, da HumAngle da Ahmad Salkida ya kafa a 2020, da cibiyar Wole Soyinka mai horar da masu binciken ƙwaƙwaf, sun fitar da yaran da suka iya abin da mu ba mu iya ba. Suna karanta kasafin kuɗi, suna amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 su nemi takardun kwangila, su je ƙauye su tarar asibitin da aka ce an gama ko tubali ba a aza ba. Mu a zamaninmu sai dai ƙishin-ƙishin. Kuma ana biyansu, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke damuna shi ne abin da wannan kasuwa ba ta saye. Ciwo take saye. In babu wanda ya mutu, ko aka zalunta, ko aka sace kuɗinsa, labarinka ba shi da gurbi a fom. Ɗan ga-ruwana yau ba zai shiga ba sai an sa masa rigar "matsalar ruwan sha" ko "ƙaura saboda fari", a cire lissafin maraƙinsa da tsohuwar da ba ya ƙirga wa jarka, a bar ƙishirwa zalla. Wanzami, mai sassaƙa turmi, mai ɗaurin littattafai a kasuwar Kurmi, ɗan damben da ya tsufa, direban tirelar da ya san kowane rami daga Kano zuwa Legas: waɗannan ba su da mai ɗaukar nauyi. Wanda zai karanta mu nan da shekara hamsin zai ɗauka ba abin da muka yi a wannan zamani sai kuka da gudu. Alhali an yi kukan, an yi gudun, amma an kuma yi ciniki, an yi aure, an yi wasan kwaikwayo, an ƙirƙiro sababbin sana'o'i. Mai farawa kuwa daga abin da ake biya yake koyon kallo. Na zauna da yaran da suka shiga kasuwa tun safe suka fito suka ce mini babu labari, don ba su tarar da abin tausayi ba. Wancan da ke bin shugaban ƙaramar hukuma an nuna masa inda zai duba. Wannan ma an nuna masa, sai dai mai nunin ya fi kyakkyawar niyya.

Ta ɓangaren Hausa kuma ƙofar ma an cire ta ɗungurungum. Kowa da shafinsa. Ka rubuta da azahar, kafin la'asar dubbai sun gani, abin da Imam bai taɓa mafarkinsa ba. Amma babu mai tambayarka su wa ko nawa. Yawancin abin da ke yawo fassarar gaggawa ce ta labaran Turanci, wani ya kwafa daga wani har da kurakuran. Mai biya a nan galibi ɗan siyasa ne. Sojojin bakan da muka sani a rediyo sun haifi na waya, kuma yaro mai kyakkyawan alƙalami shi ake fara ɗauka, a sa masa data da ɗan abin wata, ya kwana yabon mutum ɗaya da zagin wani. Ga kuma haɗari. Lokacin da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor da Dokar Soja ta 4 a 1984, suna da The Guardian a bayansu. Yau an sha kama masu rubutu da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kuma mai zaman kansa in aka zo ɗaukarsa, daga shi sai mahaifiyarsa da 'yan Facebook. Shi ya sa duk wanda ya zo wurina nake ce masa ya adana muryoyin da ya naɗa, ya ɗauki hoton kowace takarda, ya nemi jin ta bakin wanda ake zargi a rubuce, kuma wani a gida ya san inda ya nufa.

Canjin da ba ni da ja a kansa shi ne shigowar mata. A da akwai su, amma ɗaiɗaiku. Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya ji ƙanta, ta riƙe Sunday Triumph, ta zama editar New Nigerian a 1987, ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015. Amma yarinyar da ke gaban iyayenta a Gwammaja, yaya za ta yi da tashar mota da sintirin ofis da zaman jiran edita har magariba? Waya ta ɗauke mata wannan. Mu maza kuwa sai yanzu muke gane girman abin da ya wuce mu, don iyakarmu zaure. Adashi, ungozoma, dillaliya, sana'ar cikin gida, zaman zawarci, duk suna bayan "ba shiga". Shekara da shekaru muna cewa muna rubuta rayuwar gari, ashe ta titi da kasuwa kawai muke rubutawa.

Kwanakin baya 'yar wani abokina da ta gama karatun aikin jarida ta zo tare da mahaifinta ta ce in duba mata wani abu. Matan da ke tsintar zoɓo a rumbunan kasuwar Dawanau ta samo, waɗanda ke wuni cikin ƙura suna fid da tsakuwa da kara daga busasshen furen da za a loda a kwantena zuwa Meksiko. Ta zauna da su sosai. Ta san yadda ake auna musu aiki, ta san wadda ke riƙe da adashi, ta san wadda ta aurar da 'ya'yanta da wannan tsinta da wadda tari ke hana barci. Wata ma ta ce mata ta ji an ce mutanen can su ma jiƙawa suke yi su sha, amma ba ta yarda suna sa citta ba.

"Baba, to wa zan kai wa?"

Tambayar ta fi ta zamaninmu wuya. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu na 2025, sanarwar neman masu rahoto ta ja baya, a watan Maris kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru. Na ce mata ta fara karanta kafar da take son aika wa har ta san irin abin da suke bugawa, ta nemi sunan mai riƙe da shafin, ta rubuta masa gajeren saƙo: ga matan, ga abin da na gani, ga hotuna, ga ranar da zan kawo. Ta tambayi kuɗi tun kafin ta aika, kada ta ji kunya, kuma a rubuce. Sannan na bi takardunta da biro ina zagaye wurare. Ba ta ji daɗi ba, amma ta koma Dawanau ta ji ta bakin masu rumbunan.

Iri biyu ta rubuta. Na Turanci wata kafa ta karɓa, ta nemi a ƙara maganar likita a kan ƙura da huhu, a rage zancen adashi da aurarwa, kuma an biya ta, ko da yake sai da ta yi tuni. Na Hausa, wanda ya fi kyau nesa ba kusa ba, wani shafi ya buga shi kyauta, kafin kwana biyu wasu shafukan sun kwashe ba sunanta. Ɗaya daga cikin matan jikarta ta karanta mata a waya, sai ta aiko a gaya wa yarinyar ta yi kuskure wuri ɗaya: 'ya'ya uku ta aurar, ba biyu ba. An gyara a shafin da ya fara bugawa. Waɗanda suka kwafa har yanzu biyu suke cewa.